Ranar da Na Kira Mahaifiyata Maƙwabciya

Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da bakwai, ina ƙaramar malama a sashen fasahar abinci na wata jami'a a nan Minna, ban daɗe da kama aiki ba. Iyayena mutanen Bida ne, amma a Maitumbi aka haife ni. Mahaifina ya rasu ina firamare, sai Nna, kamar yadda muke kiran uwa a gidanmu, ta riƙe mu da sana'ar man kaɗe. Tun ina yarinya ni mai dogon tunani ce. Ana suyar ƙwarar kaɗe a tsakar gida, ni ina riƙe da muciya, amma hankalina yana can wata ƙasa da ban san sunanta ba. Idan jirgin sama ya gifta ta samanmu sai in bi shi da ido har ya shige gajimare, in zaunar da kaina a kujerar bakin taga, sai Nna ta daka mini tsawa cewa ƙwara za ta ƙone.

Wata rana aka sanar cewa jami'armu ta ƙulla yarjejeniyar musayar malamai da ɗalibai da wata jami'a a wata ƙasa mai sanyi a Turai. Za su turo mana malama ɗaya ta yi wata uku tana bincike, sannan su ɗauki mutum ɗaya daga sashenmu ya je can ya yi shekara. Aka liƙa hoton jami'ar a allon sanarwa: wani tafki ne shiru kamar an shimfiɗa madubi, ga dogayen bishiyoyi, ga ɗalibai a kan kekuna. Kullum kafin in shiga aji sai na tsaya gaban hoton nan. A cikin keke napep ma, daga Maitumbi zuwa makaranta, jikina ne kawai ke shan gargadar hanya, ni ina bakin tafkin can ina tafiya.

Da baƙuwar ta iso, shugaban sashenmu ya ce ni zan riƙa raka ta, tunda ina jin Nufanci da Hausa da Turanci. Mace ce mai sauƙin kai, ta girme ni da kamar shekara goma. Kuma abin da ta zo bincike a kai shi ne yadda mata ke haɗa man kaɗe a gargajiyance. Da ina da hankali, da na gane Allah ne ya kawo mini abin har gida. Amma ranar farko da ta tambaye ni iyayena, sai na ji bakina yana cewa mahaifiyata tsohuwar shugabar makaranta ce, tana zaune a Abuja wajen yayana. A tunanina, wanda za a zaɓa dole ya yi kama da mutanen cikin hoton nan, ba 'yar mai man kaɗe ba wadda mayafinta ke warin hayaƙi.

Haka muka yi ta yawon ƙauyuka cikin damina, duwatsu sun yi kore shar, muna tafiyar awa biyu don mu ga abin da ake yi a tsakar gidanmu kowace safiya. Ina fassara mata abubuwan da na sani tun ban iya magana ba, ina yi kamar yau na fara jin su. Sau ɗaya na manta kaina, na tsuguna na kama hannun wata mata na nuna mata yadda ake cuɗa ƙullun har man ya taso fari. Baƙuwar ta tambaye ni inda na koya, na ce a littafi. A gida kuwa Nna ba ta fasa roƙona in kawo baƙuwar ta ci tuwon shinkafa ba, ni kuma kullum ina ce mata aiki ya yi mata yawa.

Saura mako biyu ta koma, ta ce in kai ta kasuwa ta sayi tsaraba. Na yi ta janye ta daga layin masu mai, amma hancinta ya kai ta. Ta tsaya gaban wata roba, ta lakato man ta shinshina, ta ce duk yawonmu ba ta ga mai tsabta irin wannan ba. Mai man ta ɗago kai. Nna ce. Har yau ina ganin yadda fuskarta ta washe. Ta miƙe tana goge hannu a zaninta, a zatonta kawo mata baƙuwar na yi. Baƙuwar ta juyo ta tambaye ni ko na san ta. Na ce da Turanci, a hankali, maƙwabciyarmu ce. Nna ba ta yi boko ba, amma wanda ya shekara talatin a kasuwar Minna ba a ɓoye masa irin wannan kalma. Hannun da ta fara miƙowa ya tsaya a hanya. Ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, ta koma ta zauna.

"Sannu da zuwa, maƙwabciya," in ji ta. "A gai da mutanen gida."

Da na koma gida da yamma na tarar ta ajiye mini abincina a rufe kamar kullum. Ba ta tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Bayan wata biyu takarda ta fito, ni aka zaɓa. Nna ta yi guɗa, ta zagaya maƙwabta tana faɗa musu. Ta haɗa mini ƙuli-ƙuli da yaji da dambun nama, ta cika wani ɗan gwangwani da man kaɗe, ta ce ta ji an ce sanyin can yana tsaga fata.

Ƙasar kuwa ta fi hoton. Tafkin yana nan, kekunan suna nan. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka na tsaya a taga ina kallonta tana saukowa kamar audugar rimi, ba ƙara ba motsi, gari duk ya yi fari, na ce lallai na shigo cikin mafarkina da ƙafata. Sai dai ban daɗe ba tunanin ya juya. Ina zaune a ɗakin karatu mai ɗumi, sai in ji kamar ana daka a nesa. In na shafa man nan a hannuna da ya tsattsage, sai ɗakin ya ɓace, in ga tsakar gidanmu da rana tana faɗuwa a kan tabarmar shanya. A can ne kuma na ji cewa yarjejeniyar ta haɗa da raba wa ƙungiyoyin mata wani murhu mai rage hayaƙi, kuma ƙauyukan da na kai baƙuwar su aka rubuta. Nna da matan da suke aiki tare, waɗanda idanunsu kullum ke ruwa, babu sunansu, domin ni na ɓoye su.

Da aka yi hutu, malamar nan da na raka a Minna ta gayyace ni ƙauyensu. Muka sauka daga jirgin ƙasa, muka taka zuwa wani ɗan gida a gefen gona. Wata tsohuwa ta fito daga garken shanu da takalmin roba, hannuwanta duk sun yi kanta, tana warin turke. Malamar, wadda manyan furofesoshi ke miƙe mata a taro, ta ruga ta rungume ta, ta juyo gare ni idonta na ƙyalli ta ce wannan ce mahaifiyarta, duk abin da ta sani a wajenta ta fara koyo. Ban san lokacin da na juya na fita ba. Na tsaya jikin shinge, fili fari fat a gabana har iyakar gani, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Da ta biyo ni na faɗa mata komai. Ta ce ai tun a kasuwar ta gane, wushiryarmu ɗaya, yadda muke karkatar da kai ma ɗaya. Ta yi shiru ne tana jiran in faɗa da kaina. Ta ce kuma abin da ya sa ta ba da sunana shi ne ranar da ta ga hannuna cikin ƙullu, ta san wannan ba ilimin littafi ba ne.

A nan jikin shingen na kira Nna a waya. Na ce ta yafe mini abin da na yi mata a kasuwa. Ina jin kukan kaji a bayanta.

"Na yafe tun a wurin," ta ce. "Amma ba zan ɓoye miki ba, ranar nan da na dawo gida sai da na ɗauki madubi na duba, in ga mene ne a jikina."

Daga nan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Yau shekaru sun wuce. Na dawo, ina koyarwa, kuma duk baƙon da musayar nan ta kawo, gidanmu nake fara kai shi. Nna tana karɓarsu hannu bibbiyu. Amma na lura da wani abu da ba ta yi a da: idan muka shigo ba ta miƙewa nan take. Sai ta dube ni tukuna, ta jira ta ji da wane suna zan gabatar da ita. Daƙiƙa biyu ce ko uku, amma a cikinsu nake biyan abin da na yi, kuma na san ni na koya mata wannan jiran.

Abin da ya sa na rubuto muku ke nan. Ƙannena da ke cike takardun neman irin wannan dama, ku nema, ku je, ku ga duniya, akwai ilimi a can kuma akwai mutanen kirki. Amma ku sani waɗanda suka taso daga nesa ba kwafin kansu suka zo nema ba, abin da ke hannunmu suka zo gani. Ni na ɗauka sai na goge inda na fito kafin a buɗe mini ƙofa, ashe da shi aka buɗe ta. Uwa tana yafewa kafin a roƙe ta, wannan gaskiya ne. Sai dai kalmar da ta fita ba ta komawa baki, kuma babu jami'ar da ke koyar da yadda ake cire ta daga zuciyar wanda ya ji ta.