Kalmar Sirrin Kawu

Aikina a kamfanin shi ne tsaron kwamfutoci. Kamfani ne na fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, ofishinmu yana unguwar Bonapriso a birnin Douala. Ni ke buɗe wa sabon ma'aikaci hanyar shiga, ni ke rufe ta idan ya tafi, ni ke tilasta wa kowa canza kalmar sirri duk bayan wata uku, suna zagina a ciki, ni kuwa ko a jikina. Akwai wata manhaja da na yi ta naci sai da aka saya, wadda daga kujerata nake ganin kowace kwamfuta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya buɗe, me ya kwafa. Lokacin ina ji da kaina ƙwarai. A unguwarmu New Bell kuwa babu wanda ya san abin da nake yi. Mahaifiyata cewa take ina gyaran talabijin a ofis, na gaji da yi mata bayani na ƙyale ta.

Ɗan unguwarmu ɗaya ne a kamfanin ban da ni. Aminin mahaifina ne, kwata ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, tun ina ƙarami Kawu nake ce masa. Shi ke fitar da takardun da manyan motoci ke buƙata kafin su ɗauki kaya, ya fi shekara ashirin a kan teburin nan. Shi ne ma ya kai takarduna hannu da hannu har aka ɗauke ni. Da na rubuta dokar amfani da kwamfuta, shafi biyu da Faransanci, na bi kowa ya sa hannu. A ciki akwai layin da na fi alfahari da shi: duk wanda ya ba wani kalmar sirrinsa, abin da aka aikata da ita a wuyansa yake. Kawu ko karantawa bai yi ba. Ya ce, "Abin da ɗana ya rubuta zan tsaya bincike?" Ya rattaba hannu ya miƙo mini.

Wata Talata da hantsi, ana ruwa irin na Douala wanda ba ya da niyyar ɗaukewa, aka bugo mana waya cewa wani dattijon layinmu ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. A unguwarmu idan aka yi mutuwa ba a tsayawa lissafi. Mai shago zai jefa wa maƙwabcinsa mabuɗi ya wuce, babu takarda babu shaida, kuma ban taɓa jin an ce ko allura ta ɓata ba. Na sauko ofishinsu Kawu don mu tafi tare. Su huɗu ne a ɗakin. Har ya kai bakin ƙofa, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Alhaji, to kamiyoyin nan, manyan motocin da ke jira fa? Direbobin nan za su cinye mu."

Kawu ya juya, daga nan inda yake tsaye ya karanto musu kalmar sirrinsa da ƙarfi, harafi bayan harafi, har da lamba da alamar da na tilasta masa sakawa. Ya ce, "Ku sallami bayin Allah, kada su kwana a kan hanya."

Ina bayansa riƙe da lema. Na ji komai. Wayata tana aljihu, da ita kaɗai zan iya kulle hanyar shigarsa kafin mu sauka daga bene. Amma yaya zan gyara wa Kawu a gaban abokan aikinsa, ga shi muna hanyar jana'iza? Na ce a raina idan mun dawo na gyara. Muka tare babur biyu muka kama hanya.

A maƙabarta laka har idon sawu. Ni da Kawu muna cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma shi ne ya shiga kabarin ya karɓi gawar, farar rigarsa ta koma ja. Washegari da safe na canza masa kalmar, na ɗan yi masa tsiya, ya yi dariya ya ce yaran zamani kun cika tsoro. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Bayan 'yan makonni abokan cinikinmu suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wani kamfani ne ke kiransu, ya san kayansu, ya san jiragensu, ya san har sunan wanda ke sa hannu. Darakta ya kira ni ya ce in duba ko daga cikin gida ne. Ban ɓata lokaci ba, manhajata ta yi aikinta tsaf. An saka ƙaramin ma'ajin nan na kwafar bayanai an kwashe fayilolin abokan ciniki gaba ɗaya, a kwamfutar Kawu, da sunan Kawu, ranar Talatar nan da ƙarfe biyu da wani abu. A daidai lokacin ina kallonsa a cikin kabari yana gyara wa gawa kwanciya.

Na zauna ina kallon layin da manhajar ta nuna har idona ya fara ruwa. Ɗakinsu babu kyamara. Na taɓa neman a saka, aka ce ɓarna ce. Mutum ukun nan kuwa kowa ya rantse bai taɓa kwamfutar ba sai don takardun motoci, kuma kowa bai ga ɗan'uwansa ya yi wani abu ba. Har yau muna gaisawa da su a bene, kuma har yau ban san wanne ba ne.

Aka kira zama. Darakta, matar da ke kula da ma'aikata, Kawu, da ni da takardar rahoton manhajar da na buga da hannuna. Na miƙe da zafina na ce mutumin nan ba ya ofis a lokacin, muna tare a maƙabarta, rabin New Bell shaida ne. Darakta ya bar ni na gama. Mutum ne mai sanyin murya, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Ya ce, "Bon. Na yarda da kai. To yaya aka yi wani ya shiga da sunansa?"

Kawu da kansa ya ce shi ya faɗa musu kalmar, saboda motocin da ke jira. Matar ta zaro dokar daga fayil, ga sa hannun Kawu a ƙasa, ta karanta layin nan nawa a hankali. Ashe duk haƙilon da nake na wanke shi, hanyar kama shi nake share musu. Idan yana ofis ɓarawo ne, idan ba ya nan ya karya doka, kuma ni na rubuta dokar.

Sai darakta ya juyo gare ni. "Kai fa, tunda tare kuka fita, ka san ya ba da ita?"

Na san abin da amsar ke nufi. Mai tsaron da ya ji da kunnensa ya yi shiru, shi ma hanya ɗaya za su bi. A lokacin matata tana da ciki, mahaifiyata tana hannuna. Ban kai ga buɗe baki ba Kawu ya riga ni. Ya ce, "Bai sani ba. Yana waje yana tare mana babur."

Darakta ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Iyakar abin da na yi ke nan, kuma shi ne abin da ya fi komai muni a rayuwata. Kafin la'asar aka aiko mini da saƙo in rufe hanyar shigar Kawu. Na rufe. Dannawa biyu ce kawai.

A unguwa labari ya riga mu isa, kuma ya isa a karkace. Ba wanda ya fahimci zancen kalmar sirri, abin da aka ji shi ne kwamfuta ta kama Alhaji da sata. Mutumin da ake ba ajiyar gadon marayu, sai ga shi ya shigo majalisa an sauya hira. Na yi bayani a ƙofar masallaci, na yi a wajen mai shayi, har na yi faɗa da wani tela da ya ce ai na'ura ba ta son kai. Amma ko sau ɗaya ban ce ina tsaye a bayansa lokacin ba. Kullum labarin nawa daga maƙabarta yake farawa.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya tsallaka kwatar nan. Na same shi a zaure bayan la'asar, yana jan carbi. Na durƙusa na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, ni na kusa gama nawa. Kai yanzu ka fara. Ban taɓa yin ƙarya a gaban manya ba sai ranar, to kada ka bar ta ta tafi a banza. Ka riƙe aikinka."

Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake so. Wancan rubutun da ke cikin na'urarku, mai cewa ni na ɗauka, yana nan?"

Na ce yana nan.

"Aikin dai ya tafi, ban damu ba. Amma ba na son in mutu sunana yana rubuce a wani wuri a matsayin ɓarawo. Tunda kai ne mai ita, ka goge mini."

Ba ya goguwa. Haka na tsara shi, ko ni ba zan iya taɓa harafi ɗaya ba, kuma kwafinsa yana wani wuri da hannuna ba ya kai wa. Na so in yi masa bayani, na dubi fuskarsa na kasa. Washegari da na taso aiki na biya ta zauren na ce, "Kawu, na goge."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu rufa maka asiri."

Na ce amin. Me zan ce?