Kejin Lamba Bakwai

Sailuba Maitama 'yar Yauri ce, ɗiyar masunci, kuma shekararta ashirin da shida a garin Laurel na Amurka tana ƙirga ƙwayoyi a wani kantin magani. Ba ta da yawan magana. Abokan aikinta sun san cewa in ta ce talatin ne a kwalba, ba sai an sake zazzagewa ba.

Ɗanta ɗaya ne, Misbahu. Ya karanci kimiyyar halittun ruwa, ya kama aiki da wata ƙaramar ƙungiya da ke kula da wani lungu na mashigin tekun Chesapeake, inda aka hana kamun kawa. Kawa ita ce halittar nan mai ɓawo biyu da ke manne a ƙasan ruwa tana tace shi; in ruwa ya lalace, ita ke fara mutuwa. Shekara tara Misbahu yana jawo kejin kawa daga ƙarƙashin gadar katako, yana ƙirga rayayyu da matattu, yana rubutawa. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi yana da shekara talatin da ɗaya.

Bayan sadakar arba'in Sailuba ta je ofishinsu ta nemi a ba ta kejinsa, lamba bakwai, a matsayin 'yar sa-kai. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: a ƙirga kafin a wanke. Matacciyar kawa bakinta a buɗe yake, ɓawon biyu na haɗe, ciki ba kowa. Wanda ya zubar da ita kafin ƙirga ya shafe shaida. Haka ta riƙa zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata, tare da ƙawarta Adiza, 'yar Kumasi mai aikin jinyar tsofaffi, wadda ke riƙe mata littafi tana mita.

"Yaya Sailuba, mutane na zuwa bakin ruwa cin kifi, ni kin kawo ni shaƙar ɗoyi."

"Rubuta dai. Rayayyu ɗari biyu da sittin."

A watan Agustan bara aka shirya ranar baƙi. Za a zo da masu ba ƙungiyar tallafi da wata jami'ar jiha, a nuna musu yadda lungun ke farfaɗowa. Matthew, shugaban aikin, ya roƙe ta ta jawo kejin a gabansu. Ya ce labarinta zai taɓa zukata. Kalmar ba ta yi mata daɗi ba, amma ta amsa.

An kafa rumfa, an jera lemo da biskit. A jikin allo an manna hoton Misbahu, sun rubuta sunansa ba daidai ba. Sailuba ta ja igiya, kejin ya fito yana ɗiga. Tun kafin ta buɗe ta san an taɓa shi. Watan jiya ta bar shi da gansakuka da laka, ga shi yau fes kamar kwandon kanti. Kawar da ke ciki manya ne, girmansu ɗaya, bakin kowace a rufe gam. Baƙi suka yi tafi.

"Matthew, waɗannan ba nawa ba ne."

Ya matso yana murmushi, ya rage murya. "Mama Sailuba, mun ɗan gyara ne jiya. Zafi ya yi yawa bana, kin sani. Waɗannan daga wurin kiwo aka kawo. Na yau ne kawai."

"Nawa suna ina?"

Idonsa ya kai bayan rumfar ajiye kwale-kwale. Ta kau da fuska. Ba warin ruwa ba ne. Da shi ta girma. Murmushin ne, da hannun da ya ɗora mata a kafaɗa, da tunanin cewa shafin wannan wata zai zauna kusa da rubutun hannun ɗanta yana ɗauke da ƙarya.

Ta ture hannun. A bayan rumfar ta tarar da bokiti biyu an rufe da leda, ƙudaje sun yi musu baƙi. Ta ɗauki ɗaya, Adiza ta ɗauki ɗaya tana toshe hanci da mayafi.

"Wallahi in na yi amai a kan takalmin matar can, ke kika ja."

Suka juye su a kan gadar, taku uku daga teburin biskit. Ɗoyin ya bugi kowa. Wani mai farar hula ya ja da baya har ya kusa faɗawa ruwa. Sailuba ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta fara warewa biyar-biyar, masu buɗaɗɗen baki dama, masu rufaffe hagu. Ba ta ɗaga kai ba. Matthew na ta bayani a kan zafin bana, muryarsa na ƙara sirancewa.

"Matattu ɗari biyu da goma sha biyu," ta ce. "Rayayyu arba'in da takwas. Rubuta."

Adiza ta rubuta. Sailuba ta goge hannu a zaninta, ta miƙa wa Matthew littafin da biro, domin ba a karɓar ƙirga sai da sa hannun shugaba. Ya dubi baƙin. Jami'ar jihar, wata mai furfura da ake kira Debbie, ta riga ta fito da wayarta tana ɗaukar hoton shafin. Ya sa hannu.

Alƙaluman sun shiga rahoton shekara yadda ta faɗe su. A watan Satumba aka aiko mata da saƙo mai ladabi: ƙungiya ta gode, amma daga yanzu ma'aikata ne kaɗai za su riƙa taɓa keji. Ta karanta a wurin aiki, tsakanin kwastoma biyu. Ta mayar musu da mabuɗin gadar a ambulan, ta haɗa da 'yar takarda mai layi ɗaya, cewa su cire hoton ɗanta daga allonsu.