Takardar da Na Ɗinke Cikin Fata

Ƙanena ya yi shekara bakwai a Sakkwato yana karatu. Ni ban yi ko kwana ɗaya ba. Gona na sani, sai aikin tilas na hanyar mota, inda dutse ya cire mini yatsu biyu na ƙafar hagu. Da ya dawo ƙauyenmu, kusa da Karofane, da littattafansa da izinin malaminsa, na ce to, an gama. Zai zauna ya koyar, ya ɗaura aure, ya raɗa suna, mu ma mu huta.

Bai cika shekara ba ya ce zai tafi Masar.

Na ce, "Yin mi?"

"Karatu, Yaya."

"Wanda ka yi hwa, gara ta cinye shi?"

"Wancan na gama shi. Wannan wani na."

Inna, mahaifiyarmu, tana gefe tana tankaɗe. Ta ce in ƙyale shi, tun yana goye ba ya sakin nono sai an fizge. Na ƙyale shi.

A lokacin ba a barin ƙasarmu, wadda Faransa ke mulki, zuwa nesa haka sai da takardar izini daga barikin Madawa. Wanda gardi, ɗan sandan Nasara, ya kama a hanya babu ita, igiya ce. Na san gardi, na san yadda ake durƙusa musu, ƙanena bai sani ba. Shi ya sa duk zuwan da ya yi ina bayansa da goran ruwa.

Zuwan farko mun wuni ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar biro, wato ofishin bariki, ba wanda ya dube mu. Na biyu muka samu tafinta, wani gajere mai tumbi, shi ke mayar da maganarmu ga kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Ya dubi ƙanena sama da ƙasa.

"Kai ne malamin? An ce ka gama karatu ƙasar Ingilishi."

"Na gama, ranka shi daɗe."

"To kumandan na tambaya, wanda ya gama mi za shi koma yi? Karatu za ka, ko wa'azi za ka ɗauko muna?"

"Karatu."

"Wannan mai ɗingishin hwa, shi ma Masar za shi?"

Na ce, "Ni gida za ni, in kun sallame mu."

Ya yi dariya, ya ce mu kawo shaidar sarki daga Buza. Muka kawo. Ya ce saura lambar agana daga likita. Aka tsaga wa ƙanena hannu, ya kumbura, ya warke, muka koma. Ya ce saura hoto. Mai hoton yana Tawa. Muka taka har can, muka dawo da wani abu kamar tafin jariri, ƙanena a ciki ya zare ido kamar an kama shi da akuyar mutane. Da muka kai hoton Madawa, kumandan ya fita rangadi. Muka koma gida.

Sau shida muka je cikin shekara biyu. Na san kowane dutse na hanyar nan.

A zuwa na shida ruwan shuka ya riga ya sauka, ƙasa na ƙamshi. Tafinta ya fito da takardar, da hoton manne a kusurwa da hatimi a kansa. Ya riƙe ta bai saki ba.

"Malam, buɗe kunne. Wata ukku gare ta. In ba ka hita ƙasag ga cikin wata ukku ba, ta mutu. Kai ma, baƙauye, ka jiya?"

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin. Ba zan ɗora wa kowa ba.

Amma a Adar ba a tafiya da damina. Ɓarawo ke tafiya da damina, ko wanda ya taɓu. Namiji yana tsayawa har hatsi ya shiga rumbu, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi inda za shi. Haka muka tarar. Kuma mu biyu ne maza a gidan, ga Inna, ga matata, ga yara. Shekarar da fara ta cinye gero na binne 'ya'ya biyu cikin wata guda. Ban manta ba.

A hanyar gida na ce masa sai bayan kaka.

"Yaya, tahinta ya ce wata ukku."

"Tahinta shina noma?"

"A'a."

"To. Takarda nama ta, da za ta ruɓe? Layag ga da ke wuyana, kakanmu ya bar ta. Ka taɓa jin ta mutu?"

Ya fi ni sanin rubutu nesa ba kusa ba, amma shi ma bai taɓa ganin rubutun da ya mutu yana kwance ba. Littattafansa sun girmi kakan kakanmu. Kuma ƙane ba ya ja da wa a kan gona.

Abin da na ji tsoro ruwa ne da gara. Ranar kasuwar Buza na kai takardar wurin baduku, na ce ya naɗe ta ya ɗinke cikin jar fata, ya sa mata igiyar ratayawa.

Ya ce, "Wagga laya ta mi ce? Ta ƙarhe ko ta hwarin jini?"

Na ce, "Ta Nasara. Ɗinka da kyau."

Ya ɗinka da kyau. Ƙanena ya rataya ta ƙarƙashin riga, muka shiga gona. Muka yi shuka, muka yi noman fari, muka yi maimai. Hannunsa na alƙalami ya fashe, ya yi kanta. Bai yi ƙorafi ba. Wani lokaci ina ganinsa ya tsaya a bakin kunya ya dafa ƙirji, inda fatar take, sannan ya koma ya duƙa. Gero ya yi kyau a shekarar. Muka girbe, muka ɗaure, muka cika rumbu biyu. Wata biyar ke nan.

Ya tafi tare da 'yan cin rani. Inna ta yi masa guzurin dakakken gero. Na raka shi har bayan fadama na dawo.

Bai yi wata biyu ba sai ga shi da azahar, ƙafa duk faso, littattafan a ka. Ya ajiye kaya, ya sha ruwa, sannan ya ciro fatar. An farke ta da wuƙa.

Ya ce can gabas, bayan Damagaram, gardi suka tsayar da shi a wani shinge. Suka yanke ɗinkin suna dariya, suka kai takardar wurin wani Bature. Baturen ya duba, ya ƙirga da yatsu, ya ce ta daɗe da mutuwa. Suka sa shi ɗibar ruwa kwana huɗu, suka juyo da shi.

Na ɗauki fatar na juya ta a hannu.

Muka koma Madawa, zuwa na bakwai. Tafinta na hango mu ya kama ƙugu.

"Baƙauye! Ban hwaɗa maka ba?"

"Ka hwaɗi, ranka shi daɗe. A sake muna wata."

"Wa za shi sake? Turawa sun kama yaƙi can ƙasassu. An ruhe hanya. Ko ɗan sarki ba shi samun takarda yanzu. Ku tai gida."

Muka tafi gida. Ƙanena ya kafa rumfa a ƙofar gida ya fara koyarwa. Ya yi aure. Inna ta rasu, shi ya yi mata salla. Yaƙin ya ci shekarun da ya ci.

Da na ji an buɗe hanya, na tafi Madawa ni kaɗai, ban gaya masa ba. Wani sabon tafinta na tarar, ya ce ana bayarwa, amma mai tafiyar ya zo da kansa, a fara daga farko.

Na dawo na same shi a rumfa yana feƙe alƙalami, 'yarsa ƙarama na barci a cinyarsa. Na gaya masa a tsaye. Na ce in ya shirya, jibi mu kama hanya, ko da damina ce ba zan tsare shi ba.

Ya ajiye alƙalamin. Sannan ya ce, "Zamna, Yaya. Ƙahwarka na jini."

Na zauna. Bai je ba.