Da Gwaggo Ta Ga Jujin Ƙanƙara

Da daminar nan Gwaggo ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Pauwa tun ina rarrafe har ta kawo ni ɗakin miji a Ƙanƙara. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, saboda haka masu karatu ku yi haƙuri da alƙalamina. Amma abin da ya faru a gidanmu bana ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki, kuma duk ta inda na juya shi Gwaggo nake gani.

Gwaggo ba ta ga naira ba. Ba ta ga babur a ƙofar gidan manomi ba. A zamaninta gwangwanin madara ɗaya tak muke da shi, wani ɗan'uwa ya zo da shi tsaraba daga Funtuwa. Madarar ba ta kwana ba, amma gwangwanin ya yi shekaru. Da shi take awon gishiri, har maƙwabta kan aiko aronsa. Da ya huje, ta kai wa maƙeri ya mai da shi fitilar aci-balbal. Ƙwarya in ta tsage ta ɗinke ta, in ta sake fashewa ta zama sakainar kwasar toka. Tokar ma ta tace ta. Tsohon zane ya koma gammo. Abin da ya gagare ta sai ta ce in kai juji. "Ki ba ƙasa, ita za ta cinye," haka take cewa, kuma gaskiya ne, don da bazara jakuna kan kwashe jujin su kai gona, kafin kaka babu ko alamarsa.

Ɗabi'a ɗaya gare ta da muke yi wa dariya muna yara. Duk mazubin da aka kawo mata, ko tulu ko gora, ba ta zuba komai sai ta kai shi hanci ta shinshina, sannan ta dubi mai kawowa ta ce, "Mi ya ci?" In ba ka san abin da aka taɓa zubawa ciki ba, to, ba za a sa masa abinci ba.

Kai, da Gwaggo ta ga jujin Ƙanƙara yau! Wallahi guɗa za ta yi, ta ci ɗamara ta shiga. Gwangwanayen madara, na tumatir, na kifi, kwalaben magani da na man shafawa, takardun buhun siminti, tsofaffin tayoyi, robobi kala-kala. Abin da da sai an je Funtuwa, yanzu kaji ke tono a kansa. Za ta ce ko dai mutanen garin nan sun haukace, ko kuma Allah ya buɗe mata kasuwa kyauta.

Ba ta gani ba, amma takwararta ta gani. Ɗiyata ta fari an haife ta watanni kaɗan bayan rasuwar, aka mayar mata da sunan Gwaggo, shi ya sa muke ce mata Uwani. Bara ta dawo daga firamare da kwalabe ƙunshe a ɗankwali, idonta sai ƙyalli yake. Wai mai man gyaɗan bayan gidanmu ta ce in ta wanko su tas za ta saya. Kafin ka ce me, ta san hanyar kowane kaya: kwalba ga masu mai, gwangwani ga maƙeri, takardar siminti ga mai tsire, taya ga mai yankan takalmi. Ta ja ƙawayenta biyu. Burinta ɗaya, ta sayi akuyarta ta kanta, wadda ba wanda zai ce shi ya ba ta.

Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Ni mai tsoro ce, kowa ya sani. In ta fita sai in riƙa hango kunama ƙarƙashin gwangwani, ko gilashi ya datse mata yatsa. Na sa aka yanko mata takalmin taya mai kauri, na ce ba hannu, da sanda za ta riƙa tono. Ranar da ta shigo da wani kyakkyawan galan mai murfi, na kai shi hanci, ashe na maganin feshin auduga ne. Nan na zaunar da ita na koya mata tambayar Gwaggo, na sa ta maimaita har ta fara dariya.

Ana nan sai magana ta kai wurin hirar maza. Wani ya ce wa maigidana, "Malam, ashe sarauniyar juji a gidanka take?" Aka yi ta dariya. Ya shigo ransa a ɓace, ya ce, "Ni da na sayi babur da kuɗin audugata, a ce ɗiyata na tonon shara? Mi ta nema ta rasa? Daga yau na hana." Na ce, "Malam, ba rashi ba ne, sha'awa ce." Ya ce sha'awar ta tsaya a bakin zaure.

Uwani ba ta yi musu ba. Ta tura buhunanta bayan rumbu, ta daina surutun nan nata da ke cika gida. In an ta da zancen akuya sai ta tashi ta bar wurin. Ni kuma na rabu biyu. Rabina na murna yatsun ɗiyata sun tsira, rabin kuma na jin kunyar Gwaggo, kamar tana zaune a gindin murhu tana kallona.

To, ga abin da ya juya lamarin. Surukina Baba Nomau yana 'Yargoje, shi ke riƙe da gonar gidan. Kowace bazara yakan turo jakuna su kwashi jujin cikin gari, don an san takin gari ya fi na ƙauye ƙarfi. Bana Malam ya ce jakuna sun yi kaɗan, ya yi hayar tifa, aka kwashe jujin unguwa kaf aka zube a gona, aka baje. Ba wanda ya ce a tsaya a tsince. Wa zai ce? Tun kakanni shara taki ce, ba a taɓa tambayar abin da ke cikinta ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman fari. Fartanya ta riƙa cewa ƙwal, ƙwal. Leda ta nannaɗe saiwar dawa. Baba kuwa tun da yake bai taɓa shiga gona da takalmi ba, yana cewa rashin kunya ne ga ƙasa. Fasasshiyar kwalba ta tsaga masa diddige. An kai shi asibiti aka ɗinke, aka yi masa allura, Allah ya sa abin ya tsaya nan.

Da ya fara takawa, sai ga shi a gidanmu kan jaki, da buhu. Ya zazzage shi a tsakar gida gaban ɗansa: gilasai, murafe, tsofaffin batura, gwangwanaye masu tsatsa. Ya ce, "Tun da nike ban taɓa ba ƙasa abu ta maido mani ba sai bana. Ga kayanku na zamani, ta ce ba ta ci." Sannan ya ɗaga murya, "Ina amaryata? An ce mani duk garin ga ita kaɗai ta san kan wanga kaya, kai kuma ka ɗaure mata hannu."

Uwani ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Wa zai auri tsoho mai ɗingishi?"

"Ke za ki aure shi, ki kuma share mashi gona. Dawa zan biya, ba kyauta ba."

Malam ya buɗe baki, Baba ya nuna masa ƙafar da ke naɗe da bandeji, sai ya rufe. Ni kuwa na shige madafa ina danne dariya da bakin zane.

Abin da ya biyo baya, ko ni da na gani da idona har yanzu mamaki nake. Uwani da ƙawayenta, da 'yan samarin 'Yargoje, suka bi gonar kunya-kunya da takalman taya da sanduna suka tsince ta. Maƙwabtan gona suka gani, ashe kowa kukan da yake yi ke nan, suka ce su ma a zo. Yanzu an yi magana a unguwa, ba za a ƙara loda juji ba sai yara sun tsince shi. Manomi ya sallame su, kayan da suka tsinta kuma nasu ne su sayar. Ci biyu ke nan! Na ji an ce samarin Faskari sun ɗauka, har wata 'yar'uwata da ke aure a Damari ta aiko tambayar yadda ake yi, wai 'ya'yanta sun dame ta.

Ni da ake ce wa uwar sarauniyar juji, yanzu ta katanga mata ke leƙowa da tambaya. Wata ta ce da me ake wanke kwalba? Toka da yashi da ruwan zafi, a girgiza, a ɗauraye, a kife a rana. Wata ta ce kwalbar kananzir fa, in an wanke ba za ta ɗauki man gyaɗa ba? Ba za ta ɗauka ba, ki ba mai sayar da kananzir, shi ma nema yake. Galan ɗin maganin auduga kuwa, komai kyansa, a huda gindinsa a haƙa rami nesa da rijiya a binne, kada wani ya tsinta ya sa ruwa. Takardar siminti, fallen tsakiya ake cirewa, wanda bai taɓa garin simintin ba. Leda ita ce har yanzu take hana ni sukuni, don na ga yadda tumaki ke lasarta. Mai kyau muna wankewa mu shanya mu sake amfani da ita, yagaggiya muna cusa matashin zama. Fiye da haka ban sani ba, kuma a nan nake kewar Gwaggo, don na tabbata da ta ƙura mata ido yini guda da ta samo mata aiki.

Malam bai taɓa cewa ya janye hani ba, maza ba su faɗin haka. Amma ran kasuwar Faskari da ta wuce, na ji babur ya tsaya a ƙofa yana ƙara wata iri, kacau-kacau. Ya shigo da buhu ya ajiye kusa da turken da akuyar Uwani take ɗaure, ja mai farin goshi, wadda ta sayo da kanta. Ya kau da kai ya ce, "A hanya na gani, na ce kada su lalace."

Uwani ta kwance buhun ta ciro kwalba ɗaya, ta kai hanci, ta ɗan runtse ido ɗaya. Ni ban taɓa gaya mata Gwaggo na runtse ido ba.

"Baba, wannan mi ta ci?"

Malam ya ce bai sani ba.

"To, ba ta shiga wurin mai," in ji ta, ta ajiye ta gefe.

Gwaggo ba ta bar gona ba, ba ta bar ko zobe ba. Kabarinta a Pauwa ya baje, ƙasa ta karɓi abinta kamar yadda ta saba faɗa. Fitilar nan ta gwangwanin madara tana wurina, duk da yanzu muna da ta ƙwai. Na ɗauka ita kaɗai ce gadona, sai ranar nan na ji tambayarta ta fito daga bakin yarinyar da ba ta taɓa ganinta ba, mai babur kuma ya tsaya yana neman amsa. Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya sa kin huta. Takwararki ta ce in akuyar ta haihu, 'yar fari sadaka ce a gare ki.