Fasassun Kaju

Ranar da kakar saurayin 'yata za ta zo ganin gidanmu a unguwar Rusaifa ta Makka, tun asuba hankalina bai kwanta ba. An gaya mini a danginsu abin da tsohuwar nan ta ce shi ake yi. In ba ta yi na'am da mu ba, maganar aure ta mutu. 'Yar Mozambik ce, ta zo Makka da mijinta tun da ƙuruciya, ni kuwa ban san me mutanen can suke ci ba.

Na sayo kaju, wanda a gida muke ce wa kashu, na zauna ina tsincewa. Duk wanda ya rabe ko ya gutsure na ware shi a kwano, na ɓoye a kicin. 'Yata ta yi ta dariya.

"Umma, ni za a duba ko kaju?"

Bayan la'asar suka iso, ita da 'ya'yanta mata. Na zuba gahawa, na tura farantin kaju gabanta. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta jujjuya, ta mayar. Na bi farantin da kallo. Ko ya tsufa ne? Ko a wurinsu ba a ba surukai kaju?

"'Yata," ta ce mini da Larabci, "ina fasassun?"

Na ce, "Wallahi, Hajiya, duk na tsince su."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta miƙo mini hannuwanta in gani. Yatsun duk tabo ne. Ta ce a shekarun ƙarshe na mulkin Turawan Fotugal kaju ya yi kasuwa sosai a yankinsu na bakin teku. Aka buɗe masana'antu, mata suka cika su, har da ita. Man ɓawon yana cin fata, sai su shafa toka su ci gaba da fasawa. Garinsu ya ga rufin kwano da kekuna, amma danginta na can ciki, inda ake tilasta noman auduga, da yunwa suke kwana.

"Lafiyayyun na jirgin ruwa ne, na baƙin da ba mu taɓa gani ba," in ji ta. "Fasassun su ne namu, mu da yaranmu. Ke kuma kin ba ni na jirgi. Baƙuwa kika ɗauke ni?"

Da gudu na shiga kicin, mayafina yana zamewa. Na kawo kwanon ina ta ba da haƙuri. Ta ci, ta lumshe ido. Sai ta damƙi wani ta zuba a tafin 'yata.

"Ci, 'yar gida."

Ƙanwata, wadda ta zo taya ni karɓar baƙi, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni ma na yi ta dariya ina share hawaye, ko da yake raina yana kan kwanon, don na roba ne, kuma ban tabbata na goge gindinsa ba. Kafin magariba tsohuwar ta ce a gaya wa maza su sa rana.