Ƙanƙarar Hatta da Ragar da Na Kwance da Hannuna

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka bar unguwarmu ta Al Karama, mu uku a akori-kura guda. Mai motar maƙwabcina ne, mutumin Kano, kuma da ita yake kwashe kayan 'yan kasuwa daga Al Buteen zuwa wajen masu kago, wato masu aika kaya ƙasashen waje. Na biyu ɗan wan mahaifinsa ne, ya girme mu duka, ya kuma yi suna wajen bin hadari yana ɗaukar bidiyo. Na uku ni ne, wanda aka gayyata saboda na karanta aikin injiniya. An yi hasashen ruwa mai ƙarfi da ƙanƙara a duwatsun Hatta, shi muka tafi tarya.

Tun kafin tafiyar mai motar ya faɗi damuwarsa. Ranar Litinin za a duba lafiyar motar domin sabunta takardunta, kuma mota mai tsagaggen gilashin gaba ba ta wucewa. Idan ba ta wuce ba, ba ta hawa titi, shi kuma ba shi da aiki. Na ɗauki alkawarin kare masa gilashi. Na auna shi sau uku, na kai awon wajen mai walda, ya haɗa mini firam na ƙarfe da ragar waya mai ƙananan idanu, waɗanda babban yatsa ba ya shiga. Na bar tazarar tafin hannu tsakanin raga da gilashi, domin ko waya ta lotsa kada ta taɓa shi. Noti huɗu ne ke riƙe ta. Ba a hawa babban titi da irin wannan abu a fuskar mota, saboda haka muka kwantar da ita a baya, muka ɗaure.

Mun bi hanyar da ke kauce wa iyakar Oman. Titin sumul yake, ba rami ko ɗaya. Bayan dogayen gine-gine sai jan yashi, bayan yashi sai baƙaƙen duwatsu tsirara, ba ciyawa. Mun tsaya karin kumallo a wani ɗan shago, inda shayin karak mai madara da kayan ƙamshi yake dirhami ɗaya, gurasar Indiya da ƙwai kuma dirhami biyar. Mai shayin, mutumin Indiya ne, ya leƙa bayan motar ya ga raga, ya tambaye mu ko kaji muka zo saye. Babbanmu bai ji ba, yana can yana gaida masu kallonsa, gaisuwar da ta fi wadda ya yi mana tsawo.

Hatta gari ne mai natsuwa, ga gonakin dabino a gindin duwatsu, ga dam cike da 'yan yawon ƙarshen mako a ƙananan kwalekwale. Muka yi azahar a can. Muna fitowa daga masallaci gabas ta yi baƙi ƙirin. Na zaɓi tudu nesa da kwari saboda ambaliya, muka faka, ni da mai motar muka ɗora ragar, na ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya. Na jijjiga ta, ko motsi ba ta yi ba.

Iska ta taso da sanyi. Babbanmu ya zauna a gaba, ya ɗaga waya, sai ya ɓata fuska.

"Injiniya, cire mana kejin nan, minti biyar kawai. Wa zai kalli hadari ta bayan waya kamar fursuna?"

"Yaya, ƙanƙara na gab da sauka. In aka cire, ba za ta mayu ba cikin wannan iska."

"Yalla, habibi, yi sauri. Ina bin hadari tun kana makaranta. Wannan ruwa ne zalla."

Na ba shi shawarar ya sauke gilashin gefe ya ɗauka ta nan, ya ce wayarsa za ta jiƙe. Na dubi mai motar, domin motarsa ce, maganarsa ce ta ƙarshe. Ya sunkuyar da kai ya ce a yi yadda Yaya ya ce. Ni kuwa, da na san abin da ke tafe sarai, na ɗauki sifana na fita. Na kwance noti huɗun nan da hannuna, na jingine ragar a ƙasa.

Ban gama rufe ƙofa ba ƙanƙara ta fara sauka. Da farko kamar tsakuwa, sannan kamar dabino, sannan wasu kamar lemun tsami. Rufin motar ya ɗauki ƙara har ba ma jin juna. Wata ta sauka a tsakiyar gilashin, ya yi tauraro, tsagar ta miƙe har gaban sitiyari. Mai motar ya fizgi darduma ya fita zai rufe abin da ya saura, ƙanƙara ta fasa masa bayan hannu, iska ta tafi da dardumar. Ta taga ina kallon ragata a ƙasa, ƙanƙara na dukanta tana tsalle, ko lotsawa ba ta yi ba. Duwatsun Hatta take karewa. Babbanmu kuwa ya matso da waya kusa da tsagar, yana shaida wa jama'arsa cewa yau sun ga ikon Allah.

Mun dawo a hankali, mai motar na leƙen titi ta gefen tsaga, hannunsa naɗe da hankici. Babbanmu kuwa yana ta karanto mana yabon masu kallo. Can ya ce khalas, shi ke nan, gilashi ne kawai, ba rai ba. Mun shigo Al Karama da magariba. Washegari muka zaga shagunan gilashi, ko'ina amsa ɗaya: ƙanƙarar ta fasa na mutane da yawa, irin na motar maƙwabcina ya ƙare, sai an jira.

Har yanzu ina cikin fushi. Ina fushi da wanda ya fifita bidiyo a kan abincin ƙaninsa, wanda har yau bai ce a yi haƙuri ba. Amma mafi yawan fushin nawa ne. Na lissafa kaurin waya da tazarar raga, ban lissafa kunyata ba. Tafiyar ta koya mini cewa girmama na gaba bai haɗa da miƙa masa amanar wani ba, kuma mai motar ya sunkuyar da kai ne yana jiran ni in ƙi, tunda shi ba zai iya ba.

Da safiyar Litinin na same shi a tashar bas, zai tafi Al Buteen ya shaida wa 'yan kasuwa su nemi wata motar. Ya miƙo mini hannun hagu, saboda na daman na naɗe, ya ce, "Injiniya, an tashi lafiya? Ya gajiyar hanya?" Na amsa idona a ƙasa.