Inci Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Mai Walda ya yi yana haɗa ƙarfe da ƙarfe a rumfa ɗaya, a titin da ke bayan kasuwa. Ƙofofin gidaje, tagogi, gadaje, kurar 'yan ga-ruwa, duk sun bi ta hannunsa. Hasken wuta ya cinye masa rabin gani, ƙarar injin yanka ta kashe masa kunnen hagu, shi ya sa mai son magana da shi sai ya zagayo ta dama. Ko an zagayo ma ba lallai ya amsa ba, don shi mutum ne da bai yarda da baki ba. In ka ce masa ƙofarka ƙafa bakwai ce, sai ya ce to, ya ɗauki tef ɗinsa ya bi ka gida ya auna da kansa. Sau da yawa shida da rabi yake samu.

Karatunsa bai wuce aji huɗu na firamare ba. Bai taɓa kai kukan wannan wurin kowa ba, amma duk ranar da wani injiniya ya kawo masa zane, ya tsaya yana nuna masa da bakin biro kamar mai koya wa yaro tafiya, ranar abinci ba ya masa daɗi. Ya aurar da 'ya'yansa mata uku, kowacce da takardar sakandare. Burin da ya rage sai ya ɗora shi kan auta, wanda unguwa ke kira Tsani. Tun yana shekara goma sha huɗu maƙwabta ke aron yaron ya canza musu ƙwan fitila. Sau biyu uban yana yanka gadonsa yana ƙara masa tsawo, yana mita.

Tsani ya samu gurbi a jami'a, fannin injiniya. Takardar ta ce dole ɗalibi ya zo da kansa ya yi rajista kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, in ya wuce an ba wani. Mai Walda ya sa aka karanta masa ita sau uku, ya naɗe ta a leda ya ajiye a saman kwaba.

Ranar Lahadi da safe, yana shan shayi, Tsani ya zo ya durƙusa, kansa kusan daidai da na uban da ke kan kujera. Ya ajiye wata takarda dabam.

"Baba, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ta dama," in ji uban.

Tsani ya zagayo. Ya ce wani dillalin 'yan wasa ya ga bidiyonsa yana buga ƙwallon kwando, ya tura wa wata ƙungiya a ƙasar waje. Suna so ya je gwaji na sati biyu, in ya yi musu su ba shi kwantiragin shekara guda. Jirgi ranar Alhamis ne. Da yake saura wata biyar ya cika sha takwas, ba zai tafi ba sai uba ya sa hannu.

"Alhamis," in ji Mai Walda. "Juma'a fa?"

"Jami'a ba ta gudu, Baba."

"Ita ta gaya maka? Ni takardar da aka karanta mini ta ce ƙarfe huɗu za ta gudu."

"Yanzu haka ake yi. Yara da yawa ba sa bi ta jami'a, kai tsaye suke wucewa. Dillalin ya ce shekara biyar ɗin da zan zauna a aji su ne shekarun ƙafafuna."

"Dillalin nan ya taɓa ganin ka ido da ido?"

"Ya ga bidiyo."

"Ni ma na ga bidiyon mutum yana tashi sama da alkyabba."

Uwar yaron tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ka dai saurare shi. Ba sata ya ce zai je ba."

"Ke ma kin sani ke nan."

"Tun Talata."

Ya ajiye kofin, ya sa hula, ya fita. Bai ɗauki takardar ba.

Filin wasan yana bayan makarantar firamare. Shi ya kafa sanduna biyun da ke riƙe da allo da zoben kwando da hannunsa shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da Koci ya zo yana roƙo, wani tsohon malamin motsa jiki mai tumbi da usur a wuya. Ya samu Kocin a ƙarƙashin bishiya yana ba ƙwallo iska.

"Maigida, na san abin da ya kawo ka," in ji Koci. "Zauna in nuna maka. Yaron nan in ya tsaya a layi, jifa goma yana saka tara. In ya yi tsalle, gwiwar hannunsa ke kaiwa zobe. Shekara ashirin ina wannan aikin ban ga irinsa ba."

"In haka ne me ya sa kullum kuka je wasa wani gari da kunya kuke dawowa?"

"Alƙalan wasa ne, Maigida. Ga gajiyar mota. Ga tsoron baƙon fili. Shekara biyar ke nan ba a bar mu mun ci wasa a waje ba, hassada ce kawai."

Mai Walda ya daina ji tun daga rabin maganar. Gindin sandar yake kallo. Ya san aikinsa: ya ɗaure kowace sanda a kan farantin ƙarfe da noti huɗu, ya bar su a sarari don a riƙa sa musu mai. Yanzu babu faranti, babu noti. Sandar daga cikin siminti take fitowa kamar shuka.

"Yaushe aka yi wannan daɓen?"

"Ai ka sani. Shekara biyar ke nan, lokacin da tsohon ya farfashe. Kana nan ma ranar, kai ka gyara mana ƙofa."

Ya zaro tef daga aljihu. "Kawo benci. Riƙe nan a ƙasa, kada ka motsa."

Ya hau, ya ja tef har bakin zobe, ya matso da idonsa mai gani. Ya sauko ya sake hawa ya sake aunawa. Ƙafa tara da inci takwas. Ka'ida ƙafa goma ce, kuma ƙafa goma cif ya bar shi ranar da ya kafa. Birkila ya zuba sabon kankare inci huɗu a kan tsohon, ƙasa ta tashi, zobe bai tashi ba. Babu wanda ya tuna: ba birkila ba, ba Koci ba, ba shi ba, da yake tsugune taku goma daga wurin yana waldar ƙofa.

"Ga alƙalin wasanka," ya ce wa Koci. "Ga hassadar."

Koci ya ce, "Inci huɗu ai ba wani abu ba ne."

"Bari in rage wa ƙofar ɗakinka inci huɗu, gobe ka zo ka gaya mini da goshinka."

Bayan azahar ya turo ƙaramin injinsa a baro. Ya yanke ƙarafan da ke riƙe da allon, ya sa Koci ya tallafe yana nishi, ya ɗaga shi inci huɗu, ya duba da ma'aunin ruwa, ya kama shi da wuta. Sanda ɗaya kawai ya gyara. Sannan ya aika a kira Tsani.

"Wancan da ke jiran ka a can ƙafa goma ne," ya ce. "Wannan ma yanzu ƙafa goma ne. Kocinka ya ce kana saka tara cikin goma. Na rage maka ɗaya. Saka takwas in sa hannu. In ba ka saka ba, Juma'a da safe kana layin rajista."

Tsani ya yi dariya ya karɓi ƙwallo. Na farko ya daki gaban zobe ya dawo masa. Na biyu haka. Na uku ko zoben bai taɓa ba. Dariyar ta ɗauke. Da ya gama goma, uku ne suka shiga. Ya ja da baya, ya rugo, ya yi tsallen nan da ya burge dillali, zobe ya tare ƙwallon ya mayar da shi gefe, yaron ya sauko da ɗuwawu.

"To," in ji Mai Walda, ya fara naɗe wayar injinsa.

"Baba, ba ka ce yau ba. Ka ce in saka takwas."

Uban ya tsaya. Gaskiya ne, bai ce yau ba. Shekara talatin yana zagin masu sakin baki, ga shi nasa ya kama shi.

"Laraba da la'asar. Jifa goma, sau ɗaya."

Ya yi niyyar kada ya leƙa filin, amma hanyar rumfarsa ta nan ta bi. Litinin da sassafe ya ga yaron shi kaɗai a layi, yana jifa, yana bin ƙwallo, yana dawowa. Da rana, da ya fito sayen sandunan walda, yana nan, riga ta manne masa a baya. Da yamma yana nan. Talata ma haka. Ba Koci, ba masu ɗaukar bidiyo, ba 'yan tafi. Da yaron ya dawo gida hannu ba ya ɗaguwa, da hagu ya ci abinci. Uwar ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi tana hararar mijinta.

"Harare ni da kyau," in ji shi. "Ni na ce ya ƙi karatu?"

A rumfa kuwa ranar ya ɓata maƙalar ƙofa biyu, abin da bai yi ba tun yana koyo. Lissafi ɗaya ke masa yawo a kai. Yaron yana shekara goma sha biyu aka yi daɓen nan. Duk abin da hannunsa ya koya tun daga lokacin, a kan awon ƙarya ya koya shi.

Laraba da la'asar su huɗu ne a filin, har da uwar, da ta ce ita wucewa take yi. Tsani ya naɗe yatsu biyu da filasta. Ya saka na farko, na biyu, na uku. Na huɗu ya zagaya zobe ya fito. Ya saka uku a jere. Na takwas ya kauce. Na tara ya shiga. Na goma ya daki bayan zobe, ya yi sama, ya faɗo waje.

"Bakwai," in ji Koci da ƙaramar murya. "Maigida, iska ce ta..."

"Bari, Koci," in ji Tsani. Ya ɗauki ƙwallonsa. "Bakwai ne. Baba, a ba ni takardar jami'ar in duba abin da ake zuwa da shi."

Ya wuce gida, bai roƙi a sake ba.

Mai Walda ya ci, kuma bai taɓa jin haushin cin abu irin na ranar ba. Ya koma rumfa ya zauna kan tsohuwar taya. A sana'arsa ka'ida ɗaya ce ba ya takawa: in ya kafa ƙofa ta karkace, ba ya cewa mai gida ya koyi shiga a karkace, kuma ba ya ɗora masa asarar. Shi ya bar zoben nan a ƙasa shekara biyar, ya ba yaro kwana uku ya gyara, yaron ya tashi daga uku ya kai bakwai. Dillali baki ne, Koci baki ne, bidiyo ma baki ne. Kwana ukun nan kuwa da idonsa ya gani.

Ya shiga gida kafin magariba. Tsani na zaune da takardar jami'a a cinya.

"Ina ɗayar?"

"Wace, Baba?"

"Kada ka sa in maimaita."

Tsani ya ɗauko takardar dillalin. Uban ya ɗora ta a kan teburi, ya goge hannu a wando, ya rubuta sunansa a hankali, harafi bayan harafi, yatsansa ya bar baƙin tabo a gefe.

"Ban yarda da tafiyar nan ba," ya ce. "Ka ji da kyau, kada gobe a ce na sa albarka ina murna. Wauta ce. Masu bakwai cikin goma a can sun fi ƙudaje yawa. In gwiwarka ta tashi aiki, dillalin nan ko wayarka ba zai ɗauka ba."

"Na ji, Baba."

"Ba ka ji ba. Tashi ka haɗa kaya."

Alhamis ya raka shi tasha ya sa aka ba shi kujerar gaba, don ƙafafunsa ba za su shiga baya ba. Bai jira motar ta tashi ba, ya ce yana da aiki.

Juma'a yana rumfa yana haɗa tagar wani. Yana ta duba agogon wayarsa, yana jin haushin kansa da dubawar. Uku da rabi. Huɗu saura kwata. Da huɗu ta cika ya kashe injin, ya cire gilashin fuska, ya zauna. A wani ofis da bai taɓa shiga ba, wani ya ja layi a kan sunan ɗansa ya rubuta na ɗan wani.

Mai tagar ya zagayo ta dama ya ce, "Lafiya, Baba? Ko wuta aka ɗauke?"

"Wuta na nan."

"To yau zan samu?"

Mai Walda ya dube shi, ya dubi tagar da saura gefe ɗaya. Ya mayar da gilashin fuskarsa.

"Matsa baya," ya ce, "kada ta ci maka ido."